Rigar Nomau

Wannan babi na ƙanena Nomau ne. Na rubuta shi domin ku 'ya'yana, da 'ya'yansa, da jikokinsa da suka taso suka tarar ana nuna ƙofar gidansu da baki. Na san abin da yara suka riƙa faɗa muku a bakin rijiya da filin makaranta. Waɗanda suka san yadda abin ya faru sun kusa ƙarewa, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari, don haka ga shi yadda na gani da idona, da yadda na ji daga bakin masu shi.

Mu biyu Inna ta haifa maza. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma wanda ƙafarsa ba ta zauna ba. Na yi dako a Sakkwato, na bi shanu zuwa Lome, na yi gini a Sabha, na sayar da albasa a Abijan, daga baya na kafa rumfa a Kumasi. A hanya na tsinci Zabarmanci da Fillanci da Faransanci da Tonancin mutanen Kumasi, kowane gwargwadon abin da zai fid da ni kunya a kasuwa. Nomau kuwa bai taɓa wuce Kore Mairuwa ta kudu ba, bai wuce Dogon Dutsi ta arewa ba, ƙauyenmu yana tsakani. Da damina aka haife shi, gona kuma ta riƙe shi har ya girma. Inna ba ta kama sunana, kunyar ɗan fari, sai ta ce Baƙo, wai don ba na kwana biyu a gida. Nomau kuwa da ƙarfi take kiransa daga bakin murhu har maƙwabta su ji.

Akwai abin da mahaifinmu ya koya mana tun muna yara, wanda duk ɗan Arewa na zamaninmu ya tashi da shi. Ba a wuce gawa a buɗe. Ko ta wace ce, ko ka san shi ko ba ka sani ba, ko mai salla ne ko ba ya yi, sai ka rufe ta kafin ka je kiran mutane. Baba yakan ce:

"Gawa ba ta da hannun jan mayahi. Wanda duk ya iske ta, hannunshi ne nata."

Na zaga ƙasashe na ga ba ko'ina ake haka ba. A Sabha wani Balarabe ya riƙe mini hannu da na nufi wani da ya faɗi a titi, ya ce in ka taɓa shi ya zama naka. A Abijan na ga an zagaye mamaci ana kallo har masu kaki suka zo. Lokacin na ɗauka rashin imani ne. Ban san su sun riga mu sanin wani abu game da hukuma ba.

Da kaka abin ya faru, lokacin da shanu ke gangarowa daga arewa alhali wake bai bar gona ba. Kowace shekara a wannan lokaci ƙasa kan yi zafi tsakanin manoma da makiyaya. Ana 'yan kwanaki kafin nan shanu sun shiga waken Nomau, ya yi cacar baki da masu su, rabin gari ya ji abin da ya faɗa cikin fushi. Ranar kasuwa da safe ya bi burtali zai je Kore Mairuwa, sanye da shuɗiyar rigar da na aiko masa da yadinta daga Kumasi. Duk garin babu mai irinta. A gindin wani gawo ya iske mutum kwance, Bafillace, an sare shi a wuya, ƙudaje sun riga sun taru. Yana tsaye yana salati sai ga wata mata da ƙwaryar nono a kai, ita ma za ta kasuwa. Nomau ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan mamacin tun daga fuska. Iska ta riƙa ɗaga ta. Matar ta sauke ƙwarya, ta tsinto duwatsu tana miƙa masa, ya danne kusurwa huɗu. Ya koma gari da 'yar singileti ya faɗa wa mai gari, mai gari ya aika a kira jandarmomi. Kafin la'asar Nomau yana bayan motarsu da ankwa a hannu.

Wani direban motar albasa ya kawo mini labarin a Kumasi. Na bar rumfa a hannun abokin cinikina, na ce masa wata guda zan yi. Ban sake zama a Kumasi ba.

Kafin shari'a, abokan da hukuma ta ba shi, wato lauyansa, ya kira ni gefe. Mutum ne mai gajiya a fuska, da tarin dosiye, wato takardun shari'a, a hammata. Ya ce rigar tana da jini, gardamar wake tana da shaidu, matar da ƙanena ke faɗi kuwa babu ita a ko'ina cikin abin da aka ba shi. Ya ce in Nomau ya yarda ya ce faɗa ne ya kaure, bai yi niyyar kisa ba, zai iya samo masa 'yan shekaru kaɗan. In ya kafe a kan bai yi ba, za a ɗauka ya yi kwanto ne, kuma hukuncin wannan mai tsawo ne. Na kawo maganar gida. Na iske Inna tana ɓarar gujiya a tsakar gida, Dije matar Nomau na gefenta da Rabi a cinya, ko yaye ba a yi mata ba. Dije mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban Inna ba sai ran nan.

"Inna, ya hwaɗi abin da suke so mana. Baki ne, ba ya ƙarewa. Shekara nawa ne ya hito?"

"Ya hito ya zama wa?"

"Ya hito ya zama mai rai, Inna. Ya hito ya ga ɗiyarshi tana tahiya."

Inna ta daɗe tana murza gujiya ɗaya a hannu ba ta fasa ba. Ba ta dube ni ba, don ba ta duban fuskata, ta yi magana tana kallon ƙwarya.

"Baƙo, kai ka ga duniya. Can inda kake zuwa, mutum na ɗaukar jinin da bai zubar ba?"

Na ce mata na ga da yawa sun ɗauka don su fita, kuma ban ga wanda ya zarge su ba. Gaskiya na faɗa mata.

"To kai mishi maganar duka biyu, tawa da ta matarshi. Kar ka rage ma kowa. Wuyanshi ne."

Na kai masa a gidan kaso. Ya saurara har na gama, yana zaune a kan dugadugansa kamar yadda yake zama a bakin gona.

"Yaya, in na ce ni ne, wanda ya kashe bawan Allah nan ya sha ke nan. Rabi kuma ta tashi ɗiyar mai kisa, da bakin ubanta anka hwaɗa. Gara su hwaɗa da nasu bakin. Ku dai nemo matar nan mai nono. Ita ta ba ni duwatsun."

Da Faransanci aka yi shari'ar. Ni ina jin duka, shi kuwa sai abin da tafinta ya tsakuro masa, magana mai tsawon igiyar guga ta dawo masa kamar taƙi. Aka fito da rigar daga cikin leda, a dunƙule, jinin ya bushe ya yi baƙi. Mai gabatar da ƙara ya ɗaga ta sama, ya ce mamacin ne ya fizge ta daga jikin wanda ya sare shi suna kokawa, shi kuma ya gudu ya bar ta don tsoro. Nomau ya ce shi ya shimfiɗa ta da hannunsa, a tambayi matar. Aka ce an bincika, ba a samu wata mata ba. Daga bayan ɗaki wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji:

"Wataƙila doguwa ce ta miƙo mishi duwatsu."

Aka yi dariya. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. A ƙasarmu an san iskar da ke fitowa a daji da siffar Bafillata, don haka maganar ta samu wurin zama. Kafin mu koma gida an raba garin biyu, masu cewa ƙarya yake yi da masu cewa iska ce ta sa shi. Masu cewa gaskiya ya faɗa ba su cika tabarma ɗaya ba. Aka yanke masa shekaru masu yawa.

Ba zan lissafa muku shekarun da suka biyo baya ba. Na koma dillancin shanu, ba don na fi son sa ba, sai don shi ne zai kai ni duk inda Fulani ke taruwa. Kowace kasuwa na je, in an gama ciniki, sai in zauna wurin masu nono in yi tambayata da Fillanci: ko akwai wadda ta taɓa iske gawa a burtali a ƙasar Arewa, wani Bahaushe ya rufe ta da riga? Na yi tambayar nan a Gaya, na yi ta a ƙasar Kabi, na yi ta a arewacin Binin. Wasu su ɗauka ɗan leƙen asiri ne su tashi su bar ni. Wasu su ba ni nono kyauta don tausayi. Rumfar Kumasi ta narke a hannun mutane. A gida kuwa Dije ita ke noman gonar da 'ya'yanta maza, in ta kira gayya mutum uku ko huɗu ke zuwa. 'Yan'uwanta sun so ta nemi saki ta ƙi. Amma tun ranar gujiyar nan gaisuwa kawai ke haɗa ta da Inna, suna gida ɗaya, tukunya ɗaya.

Shekarar da nake so ku riƙe ita ce wadda Inna ta kwanta. Tun bazara ƙafafunta suka kumbura. Da ruwan farko ya sauka, shanu suka fara haurawa arewa, na je Dogon Kiriya kan wani cinikin bijimai. A wata ruga da ke bayan gari na yi tambayata, kamar yadda mutum ke jefa guga a rijiyar da ya san ta ƙafe. Wata tsohuwa da ke gyaran ƙore a gefe ta ɗago kai.

"Shuɗiyar riga?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Sunanta Kumbo. Ta ba ni labarin gawo da ƙudaje da duwatsu, kamar Nomau ne ke magana. Na ce mata an neme ta ba a same ta ba. Ta dube ni kamar na yi hauka.

"Wa ya neme ni? Ina nan tsaye a wurin har masu kaki suka zo. A gabana suka ɗauki hoton gawar kafin su ɗaga rigar. Suka sa ni a mota, na faɗa musu duk abin da na gani, suka shafa wa yatsana baƙi na dangwala. Suka ce je ki, za mu kira ki."

A makon nan mutanenta suka tashi don tsoron rikici, suka ƙetare zuwa Borgu, ba su sake biyo wannan hanya ba sai bana. Ita a zatonta an gode wa mai rigar an sallame shi. Da na faɗa mata inda yake tun ranar, sai ta sa hannu biyu ta rufe baki.

"Wanda ya tuɓe rigarsa? Shi aka ɗaure?"

Ta yi kuka irin na tsofaffi, babu murya. Ta ce ko a amalanke ne a kai ta duk inda ake so ta faɗa.

Na koma gida na durƙusa a bakin ɗakin Inna na ba ta labari. Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ashe dai ba doguwa ba ce."

Sannan ta ce a kira mata Dije, ta sa na maimaita a gabanta. Dije ta saurara, ta gyara wa Inna mayafi, ta fita. Inna ta rasu gero yana fid da kai. Ba a bar Nomau ya zo jana'iza ba. Ni na kai masa labaran biyu a zama ɗaya, na Kumbo da na Inna. Ban san wanne zan fara faɗa ba, sai na fara da mai daɗin, ya ɗaga hannu yana hamdala, sannan na sauke masa hannun da kaina.

A Yamai na samu wata lauya, yarinya sa'ar 'yata ta fari, wadda ta yarda ta duba maganar. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce tsohuwar shari'a ƙofarta a rufe take, kuma bakin tsohuwa ɗaya bayan shekaru ba lalle ya buɗe ta ba. Amma in da gaske an ɗauki hoto, an ji shaida, aka kuma ɓoye wa wanda ake tuhuma da lauyansa da alƙalai, to hukuncin a kan rami aka gina shi. Ta yi ta kai da kawowa har damina ta wuce, kaka ta wuce. Daga ƙarshe aka buɗe wani ɗakin ajiya a birgad, wato ofishin jandarmomi, wadda ta yi binciken, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Hoton yana nan, da bayanin Kumbo da yatsanta. Ba a ƙona su ba, ba a yaga su ba, an dai ƙi sa su cikin dosiyen da aka aika kotu. Wanda ya yi binciken ya riga ya mutu. Abin da na ji a bakin wani tsohon abokin aikinsa shi ne, a makon nan ruga da ƙauye sun kusa faɗa wa juna, ana bukatar sunan da za a ba mutane kafin a zubar da wani jinin, ga kuma riga da kowa ya san mai ita. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ya sani. Wanda ya kashe Bafillacen nan har yau ba a san shi ba.

Ranar da babbar kotu ta zauna, aka miƙa hoton daga hannu zuwa hannu har ya iso wurinmu. Ga rigar a shimfiɗe sumul, wuyanta ta wajen kai, hannayenta an naɗe su ciki, dutse a kowace kusurwa. Can gefe, rabin ƙwaryar Kumbo ta shiga hoton. Babban alƙalin dattijo ne mai furfura. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya mayar. Duk wanda ya taɓa rufe mamaci ya san abin da yake gani. Kumbo ta yi magana, aka fassara. Aka soke hukuncin. Na ji an ce a wasu ƙasashe in haka ta faru wani babba kan tashi ya ba da haƙuri. Mu dai takarda aka ba mu, aka nuna mana ƙofa.

Rabi da ya bari a cinya, da goyo a bayanta ta tarye shi. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙon da aka ce a girmama. Mutanen gari suka cika ƙofar gida, har da waɗanda suka yi dariyar doguwa, kowa na cewa dama shi ya sani. Nomau ya karɓi gaisuwar kowa. Da aka watse ya ce in raka shi kushewar Inna. Da muka dawo Dije ta kawo masa fura, ta aje, ta tsaya. Kanta ya yi fari fat.

"Da ka ji tawa, da kai ka sa Inna cikin rami da hannunka."

"Na sani, Dije."

"Ban ce ka yi laihi ba."

"Na sani."

Ta zauna kusa da shi, ta dama masa furar. Ni kuwa har yau ban yanke wa kaina wanda ya fi gaskiya a tsakaninsu ba, ku ma kada ku yi saurin yankewa.

Ya fito da tari wanda bai sake shi ba. Da wata bazarar ta zagayo na ɗauke shi a motar haya za mu asibiti a Dogon Dutsi. Kafin mu shiga gari direba ya taka birki. Babbar mota ta banke wani ɗan kabu-kabu ta wuce, yana kwance a bakin kwalta, rai ya riga ya fita, fuskarsa tana kallon rana. Muka sauka. Matasa sun yi da'ira, wasu na ɗauka da waya, wani mai jaka a kafaɗa yana faɗa rabi da Hausa rabi da Faransanci cewa kada wanda ya taɓa, a jira hukuma. Na juya na ga Nomau ya matsa gaba. Ya kama bakin rigarsa da hannu biyu, ya ɗaga ta har kafaɗa. Nan ya tsaya. Rigar ta rufe masa rabin fuska. Ya daɗe a haka. Sannan a hankali ya sake ta ta sauka, ya shafa gabanta kamar mai kakkaɓe ƙura, ya koma mota ya zauna. Wata tsohuwa mai tallan ƙosai ce ta zare mayafinta ta rufe yaron.

Muka wuce tasha, dutsen garin ya tsaya a gabanmu. Sai ya ce, yana kallon tagar mota:

"Yaya, da can ba sai na yi tunani ba."

Bai kai wata kakar ba. Ni na yi masa wanka, ni na ja likkafani na rufe masa fuska.

Takardar kotu tana wurin Rabi, duk mai so ya je ya gani. Amma ku ba sai kun ɗauko takarda ba. In wani ya sake tambayarku abin da Nomau ya yi aka ɗaure shi, ku ce ya iske mutum a buɗe ne ya rufe shi.